Wace waƙa ce ta fi a shekarun baya?

Mai sauraronmu daga Illela ya tambaya: za a iya jera waƙoƙin Hausa da suka yi tashe a shekarun baya, a ce wannan ce ta ɗaya, waccan ta biyu, kamar yadda ake yi a Amurka? To malam, ana iyawa, amma ba da ma'auninsu ba. Jadawalin Billboard Hot 100, da aka fara a 1958, tun farko ya dogara ne da ƙididdigar ciniki da yawan sa waƙa a rediyo. Mu kuwa, zamanin kaset, wa ya ƙirga kwafin waƙoƙin Mamman Shata ko na Sa'adu Bori da aka gurza a kasuwannin Konni da Maradi? Ko Gasar Ɗan Gurmu ta Tahoua alƙalai ne ke yanke hukunci, ba masu saye ba.

Wani zai ce ai yanzu YouTube na nuna adadin masu kallo. Gaskiya ne, kuma "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta nuna ƙarfinta a can a 2020. Sai dai mai sauraro a ƙauyen Malbaza yawanci wajen masu turi yake karɓar waƙa a katin waya, kuma wannan ba ya shiga lissafin kowa. Adadin kuma yana zaluntar waɗanda suka rasu kafin intanet ta yaɗu. Shata ya rasu a 1999. Saboda haka a auna kowace waƙa da tsararrakinta, sannan a duba ko har yau ana neman ta a gidajen biki da filin zaɓen masu sauraro.