Hisabin Kai Game Da Hayaƙin Da Mutum Ke Fitarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan muhasaba yake, watau mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin ranar da za a yi masa. Attajiri yakan ƙirga dukiyarsa a ƙarshen shekara domin ya fitar da zakka. To, akwai wani lissafi kuma da ya kamata mai gida ya riƙa yi: yawan hayaƙin da ayyukansa suke sakin wa sararin sama.

Duk lokacin da aka ƙone fetur, ko gas, ko itace, ko gawayi, wata iska mai suna kabon takan fita. Ita ce ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana, har duniya ta ɗumama, damina ta rikice. Ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, masana kuwa sun tabbatar cewa ɗumamar nan ta ƙara wa ruwan saman ƙarfi. Suratur Rum, aya ta 41, ta riga ta jingina ɓarnar tudu da ta ruwa ga aikin hannun mutane.

Yadda ake awon kuwa ba shi da wuya. Litar fetur ɗaya tana fitar da kabon wajen kilo 2.3, litar man dizal kuwa wajen kilo 2.7. Sai mutum ya rubuta yawan man da ya sha a wata, na mota da na babur da na janareta, ya ninka. Misali, gidan da janaretarsa ke shan lita 2 kowane dare ya ƙone lita 730 a shekara, watau kabon kusan tan 1.7. Alhali matsakaicin rabon ɗan Nijeriya bai kai tan 1 a shekara ba, na mutumin Amurka kuwa ya haura tan 13.

Wannan lissafi yana nuna abu biyu. Na farko, talakan ƙauye, wanda fari da ambaliya suka fi cutarwa, shi ne mafi ƙarancin laifi. Babban alhaki yana kan ƙasashe masu masana'antu, kamar yadda taron malaman Musulunci na Istanbul ya bayyana a 2015. Na biyu, mai hali a Kano ko Kaduna yana iya ninka rabon ɗan'uwansa na karkara sau da yawa bai sani ba. Laifin babba kuwa ba ya wanke na ƙarami.

Shari'a ba ta hana amfani da ni'ima ba, almubazzaranci ta hana, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf, aya ta 31. Ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi alwala da mudun Annabi ɗaya na ruwa. Wanda ya auna ruwan ibadarsa haka, yaya mabiyansa za su bar inji yana ruri a ɗakin da ba kowa?

Saboda haka sai mai gida ya raba lissafinsa biyu: bukata da ganganci. Girki da neman abinci da kai marar lafiya asibiti bukata ce. Shiga mota zuwa masallacin unguwa, da barin fitila a kunne da rana, ganganci ne, sai a fara yankewa daga nan. A nemi murhu mai tsimin itace, a haɗa tafiye-tafiye wuri guda. Sa'an nan a dasa bishiya a kuma raine ta, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Wanda bai ƙirga ba, ba zai san inda zai rage ba. Allah Ya datar da jama'a, amin.