Darasin lafiya da noma: yaron da ba ya cin nama, tukunya ɗaya ta ishi gida

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Sabon Maci da ƙauyukan kewaye, darasinmu na wannan fitowa ya shafi tukunyar gida. A gida mai ƴaƴa da yawa akan sami ɗaya wanda ba ya cin nama. Wani tun yana ƙarami ƙamshin nama ke tayar masa da zuciya. Wani kuwa ya ga an yanka ragon da ya saba yi wa kiwo ranar Layya, daga nan ya ƙi. Uwar gida ga daka, ga ɗiban ruwa, ga neman itace, ga kai abinci gona. Ba ta da sukunin ɗora tukunya biyu. Shin yaron nan zai girma lafiya? Zai girma, muddin mun san abin da nama ke ba jiki, muka kuma nemo madadinsa cikin rumbu da garke.

Kada a tilasta masa

Duka da gori ba su sa yaro son abinci, sai dai su sa ya guji akushi. Nama halal ne, kuma wajibi ne yaro ya san haka. Amma barin halal saboda rai bai so ba laifi ba ne. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo, bai ci ba domin bai saba da shi ba, bai kuma haramta shi ba. Saboda haka mu tambayi yaro cikin lalama: nama kaɗai ya ƙi, ko har da kifi da fara? Yana shan nono? Yana cin ƙwai? Amsarsa ce za ta nuna mana inda za mu dosa.

Abubuwa uku da nama ke ba jiki

Na farko, abincin gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Shi ke gina tsoka, ya sa yaro ya yi tsawo. A cikin giram 100 na ɗanyen nama akwai furotin kamar giram 20. A cikin giram 100 na busasshen wake akwai kamar giram 23, gyaɗa kamar giram 25, hatsi kuwa kamar giram 11. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi, amma abin da ya rasa akwai shi a wake, abin da wake ya rasa kuma akwai shi a hatsi. In sun haɗu, sai su cika juna. Awo mai sauƙin tunawa shi ne: hatsi kashi uku, wake kashi ɗaya.

Na biyu, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Akwai shi a wake da riɗi da daddawa da ganyen zogale da sauran ganyaye. Sai dai jiki ba ya tsotsar na tsiro da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimaka masa shi ne a matsa lemun tsami, ko a yanka ɗanyen tumatir, ko a sha kunun garin kuka tare da abincin. Shayi kuwa yana hana jiki tsotsar ƙarfen, don haka kada a ba yaro shayi a kan abinci.

Na uku, bitamin B12, mai kula da jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Wannan babu shi a hatsi ko wake ko ganye. Daga dabba kaɗai ake samunsa: nono, madara, cuku, ƙwai, kifi. Nan ne babban haɗarin yake. Yaron da ya bar nama, ya kuma rasa nono da ƙwai, zai iya kamuwa da ƙarancin jini da kasala da raunin karatu. Fura da nono kullum, da ƙwai sau biyu ko uku a mako, suna toshe wannan ƙofa. A tafasa madara kafin a sha ko a kafa ta nono. Zancen da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata camfi ne, mu bar shi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gida ba. A ƙasar Indiya miliyoyin mutane ba su cin nama tun kaka da kakanni. Abincinsu shinkafa ce ko alkama ko gero irin namu, da miyar dangin wake, da madara. Haɗin da muke magana a kai ke nan.

Dabarun uwar gida mai aiki da yawa

1. A ɗora miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta yakuwa da daddawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. In ta nuna, a ɗebi kason yaro a ƙaramin kwano, sa'an nan a zuba naman da aka dafa gefe. Tukunya ɗaya, murhu ɗaya.

2. A jiƙa wake tun da dare, a zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, itace ya yi auki, kumburin ciki ya ragu. Kanwa kaɗan ta isa, domin yawanta yana ɓata wasu bitamin.

3. Ranar da aka sami sarari, a soya wake da gyaɗa sama-sama, a niƙa, a adana garin cikin kwano mai murfi. Cokali biyu cikin kunu ko koko ya ishi yaro karin kumallo.

4. A yawaita abincin da kowa ke ci tare: shinkafa da wake, ɗan wake, ƙosai, alala, dambu da zogale, kwaɗon rama ko na tafasa da ƙuli-ƙuli. A irin waɗannan ranaku babu wanda aka ware.

5. Ranar da aka raba wa yara tsoka, a ba shi dafaffen ƙwai ko cuku ko ƙuli-ƙuli a madadin rabonsa. Kada ya tashi hannu wofi.

6. In yaron ya yi wayo, namiji ko mace, a ba shi aikin tsince wake da ɓarar gyaɗa da tsinkar zogale. Nauyin uwa ya ragu.

Tukunya daga gona take farawa

Ƙasarmu Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman wake, bayan Nijeriya. Amma da kaka da yawa daga cikinmu mukan kwashe shi duka zuwa kasuwa don tsoron ƙwari, sa'an nan mu sayo shi da tsada da bazara. Maigida ya ware wa gida kasonsa kafin ya sayar. Tun daga shekarar 2007 aka fara yaɗa buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da cibiyoyin bincike irin su INRAN ta Maraɗi. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda tam, ƙwari za su mutu don rashin iska, ba tare da an sa magani ba. A riƙa duba ledar, domin in ta huje aikin ya ɓaci.

Shuka wake tsakanin hatsi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin akuya ce. Jar akuyar Maraɗi ɗaya mai shayarwa da kaji kaɗan a tsakar gida sun wadatar da yaro da madara da ƙwai. A dasa zogale kusa da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. A shanya ganye a inuwa don rani. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, domin tana da guba mai cutar hanta.

Alamomin da ke sa a garzaya gidan likita

In tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, in yaro yana yawan gajiya ko cin ƙasa, in ƙafafu sun kumbura, in gashi ya yi ja yana karyewa, ko kuwa ya ƙi abinci baki ɗaya, kada a jira. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a auna damtsensa da igiyar awo mai launi: ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. A kula da yarinyar da ta fara al'ada, domin buƙatarta ta ƙarfe ta ƙaru. In yaro ba ya shan nono, ba ya cin ƙwai, a shaida wa malamin likita domin ya duba ko yana buƙatar ƙwayar bitamin. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa ake haɗa hatsi da wake?
2. Wane bitamin ne babu shi a tsiro, kuma ina za mu samo shi?
3. In gida yana dafa tiya ɗaya ta wake a mako, tiya nawa zai ajiye don shekara guda?

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu damina mai albarka.