Yadda A Ke Ɗebo Bayani Daga Rumbun Kwamfuta

A shekarar 1970 wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, ya fito da dabarar ajiye bayani cikin tebura masu dangantaka, watau kamar rajistar aji da littafin maki, waɗanda lambar yaro ke haɗawa. Abin da ke ɗebo bayani daga irin wannan rumbu ya kai wani wuri, shi ne mahaɗi.

Sai ka gaya masa abu biyar: adireshin kwamfutar da rumbun ya ke, da lambar ƙofa, da sunan rumbun, da sunan mai shiga, da kalmar sirri. Bisa al'ada ƙofar PostgreSQL 5432 ce, ta MySQL kuwa 3306. Ka ba shi iznin karantawa kaɗai.

Sa'an nan ka zaɓi yadda zai gane sabon abu. Nan na yi tuntuɓe. Na sa shi ya bi lambar layi, ashe ta haka sababbin layuka kaɗai ya ke gani. Malami ya gyara makin wata ɗaliba a tsohon layi, gyaran bai iso ba, saura kaɗan a ce ta faɗi jarrabawa. Tun daga ran nan lokacin gyara na ke sa shi ya bi.

Amma fa ko wannan ba ya ganin layin da aka share. Saboda haka kowane ƙarshen zango ku ƙirga layuka can da nan. In ba su yi daidai ba, ku sake ɗiba tun daga farko.