Yadda ake canja sifirin ɗin baya na tsohuwar Fijo

Ka tsaya a bayan tsohuwar Fijo 504 mai dogon baya, wadda direbobi ke kira wagon, da sassafe kafin a yi mata lodi. In babu ko buhu ɗaya a ciki amma gindinta ya zauna, taya ta kusa shigewa cikin madigadi, hancinta ya ɗaga kamar akuya mai neman ganye a reshe, to sifirin ya gaji. Masu mota sukan ɗora wa shakazoba laifi, su sayi sabuwa su sa, motar ta ci gaba da zamanta. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Aikin shakazoba kawai ta hana motar lilo bayan ta faɗa rami. Ka danna kusurwar but da ƙarfi ka saki: in motar ta yi ta rausaya, shakazoba ce ta mutu, in ta tsaya cak amma a ƙasa, sifirin ne.

Ba a ga laifinsa ba. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, kuma sai a 2006 ya daina yin 504. Auta a cikinsu ma ta kusa shekara ashirin tana shan gargada da lodin da ya fi ƙarfinta. Salun tana da sifirin mai murɗe guda a kowane gefe. Wagon, da yake don kaya aka yi ta, biyu-biyu gare ta, huɗu ke nan. Fikof kuwa nata mai falle-falle ne, aikinsa daban.

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, mai shago zai zube maka tuli ya ce duk ɗaya ne. Kada ka yarda. Ka ƙirga murɗin, ka duba kaurin ƙarfen da faɗin bakinsa, ka kuma yi yarjejeniyar mayarwa in bai hau ba. Na hannu ɗan Beljiyam yakan yi kyau, amma ka tuna shi ma wata motar ya gama yi wa bauta. Kuma ba a canja gefe guda. Sabo a dama, tsoho a hagu, mota za ta riƙa tafiya a karkace, a kwana ta ja ka inda ba ka nufa ba.

Tun daren da ya gabaci ranar aikin ya kamata a jiƙa notocin ƙasa da kananzir gauraye da baƙin mai, don tsatsar shekaru ba ta sakin abu da gaggawa. Da safe a kai motar wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a kowane gefe, a rubuta. A sa giya, a danna waigi gaba da bayan tayoyin gaba, a sassauta notocin tayar baya tun tana ƙasa.

Sai a ɗaga. A nan ne akasari ake yin kuskuren da ke kashe mutum. Jikin motar ake tokarewa, a wuraren da aka ƙarfafa don jak, ba aksul ba, domin so ake aksul ya samu damar sauka. Matokarin ƙarfe ya fi. In babu, kututturen icce mai faɗi ya wadatar. Bulon siminti kuwa ko kusa, ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci guda. Tayoyin da aka cire a tura su kwance ƙarƙashin motar, ko da wani abu zai zame su tare. Ka girgiza motar da hannu biyu kafin kowa ya sa kansa ciki.

Yanzu jak ya koma ƙarƙashin aksul, a ɗan ɗaga shi har ya karɓi nauyi. Dalili: shakazoba ce ke riƙe da aksul kada ya faɗi, sifirin kuma na matse yana tura shi ƙasa. Ka kwance shakazoba babu jak, ƙarfin nan gaba ɗaya zai fito a kan hannunka. Da jak ya tallafe, sai a cire notin ƙasa na shakazoba a kowane gefe, a kwance sandunan ƙarfen da suka haɗa aksul da jikin mota in za su hana shi sauka, a saki maƙalan wayar birkin hannu.

Sauran aikin haƙuri ne. Bakanike yakan durƙusa, ido a kan tiyon birki, yaronsa na riƙe da hannun jak. "Oga, in sake?" "Kaɗan. Tsaya. Ƙara kaɗan." Tiyon nan na roba da ke kawo man birki daga jikin mota zuwa aksul gajere ne, in ya miƙe kamar tsirkiya to a dakata, a kwance maƙalinsa ya samu sarari. In aka bari ya ɗauki nauyin aksul yana iya tsagewa ta ciki ba a gani ba, sai ranar da aka taka birki a gangara. Aksul na sauka, za ka ji sifirin ya yi ɗan ƙara, ya saki. Ka taɓa shi da sanda tukuna. In yana juyawa sakwa-sakwa, sa hannu ka zare.

In ya ƙi saki, akwai ƙarafa masu ƙugiya da zare da ake matse shi da su, biyu ake sawa daura da juna, ana ɗaure su bi da bi. Motocin da sifirin ya naɗe shakazoba, irin Golf 3, da su ake aikin. Na sha ganin ana ɗaure sifirin da waya a banƙare shi da ƙarfen taya. Wanda ya taɓa ganin sifirin ya kuɓuce ya huda kwanon rumfa ba ya sake tsayawa kusa da mai yin haka.

Ka tsayar da tsohon kusa da sabon a ƙasa. Sau da yawa za ka tarar ya gaza da yatsa biyu ko uku, wani lokaci ma murɗin ƙarshe ya karye, guntun na kwance a mazauninsa cikin jar ƙasa da tsatsa. A kankare mazaunin da burushin waya, a duba ko tsatsa ta ci shi har ya yi laushi, don in ya ruɓe sai mai walda ya riga ka. Robar da sifirin ke zama a kai in ta tsattsage a canja ta, ita ke hana ƙarar ƙarfe da ƙarfe. Sannan a zaunar da sabon yadda tsohon ya fito, bakin ƙarfen ya faɗa gurbin da aka yi masa.

Akwai masu cewa a sa na babbar mota, wai ta fi ɗaukar kaya, ko a cusa guntun taya tsakanin murɗin. Ban goyi baya ba. Bayan motar zai yi tauri, in babu lodi ya riƙa tsalle, tayar na rabuwa da kwalta, dukan kuma ya koma kan jikin da ya riga ya tsufa.

A ɗaga aksul sannu, ana leƙawa kada sifirin ya goce, har ramin shakazoba ya yi daidai. A mayar da komai, amma notocin da ke ratsa bushin roba a bar su da ɗan sassauci. Sai an sa taya, an sauke motar ta tsaya da nauyinta, an danna bayanta sau uku ko huɗu, sannan a ɗaure su tam. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi nisa ba ta yage.

A taka birki a ji ƙarfinsa kafin a motsa. A zagaya unguwa da gilas a buɗe ana sauraro, a dawo a sake awo, a gwada da abin da aka rubuta. Bayan mako guda a sake bin notocin taya da na shakazoba. Fitilun gaba ma sai an gyara saitinsu, domin an daidaita su ne da mota mai zaunannen gindi, yanzu za su koma haska gaban bamba. Tsofaffin sifirin kuwa kada a ba 'yan gwangwan da arha. Maƙera na son ƙarfensu, da shi suke ƙera kurfi da matsoni.