Amsar Tambaya: Garkuwa Makami Ce a Wasan Dungeons & Dragons?

Tambaya: Malam, jarumina yana riƙe da dogon takobi da garkuwa, kuma na zaɓa masa salon faɗan fito-na-fito. Jagoran wasanmu ya hana ni ƙarin maki 2 na sara da salon ke bayarwa, wai garkuwa ma makami ce. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya tana wajenka. A bugu na biyar da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014, sharaɗin shi ne ka riƙe makami da hannu ɗaya, babu wani makamin tare da shi. Garkuwa kuwa cikin kayan sulke aka lissafa ta, don haka makinka yana nan.

Sai dai ka san abin da ka sayar da abin da ka saya. Saran takobinka da ɗan lido mai fuska 8 ake auna shi, matsakaicinsa 4.5, da ƙarin ya zama 6.5. Babban takobi mai cin hannu biyu yana jefa 'yan lido biyu masu fuska 6, matsakaici 7. Rabin maki ka bari, ka karɓi maki 2 na kariya. Ga mai tsayuwa gaba yana tare wa abokansa sara, wannan ciniki ne mai riba.

Kada ka ja da jagora ana tsakiyar wasa, domin hukuncin teburi nasa ne. Bari a tashi, ku buɗe littafin tare, ku daidaita kafin zama na gaba.