Darasi: Neman Izinin Ɗaukar Fim da Hoto a Ƙauye

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, gona na jingine da gona. Da wuya ka sami taƙi ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Ko burtali da kake gani ba shuka, hanyar shanu ce, kuma akwai masu kula da ita. Shi ya sa mai son ɗaukar fim a ƙasarmu ba ya sauke kaya ya fara aiki haka kawai. Sai ya nemi izini.

Masu fim suna son ƙauye. Tun da aka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar take ta bunƙasa. Yau ga masu shirin barkwanci, ga masu waƙa, ga samari da wayoyinsu suna ɗauka don YouTube da TikTok. Suna neman rumbu, da rijiya, da inuwar tsamiya, da cin kasuwa. Sana'a ce, kuma wasu cikinsu 'ya'yanmu ne. Amma tana da ƙa'ida.

Ƙofa ta farko tana birni. Ita ce Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Ita take yi wa kamfanoni da 'yan wasa rajista, ita kuma take duba fim kafin a sake shi. Ba wasa take yi ba. A 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 saboda ba a kai mata su ta duba ba.

Takardar wannan hukuma ba ta buɗe kowane wuri. Kasuwa, da tashar mota, da maƙabarta, tsarin mulkin Nijeriya ya sa su a hannun ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ma ta ba ƙaramar hukuma iko a kan filayen karkara. Don haka mai fim zai rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ya kai sakatariya. Ya faɗi sunansa da na kamfaninsa, da wurin da yake so, da ranakun aiki, da yawan mutanen da zai zo da su. Idan an ce ya biya kuɗi, ya karɓi rasit. Idan makarantar firamare yake so, sai ya ga sakataren ilimi da hedimasta. Idan taro zai yi yawa, ko za a fito da bindigar wasa da kakin 'yan sanda, lalle ya sanar da ofishin 'yan sanda tun da wuri, kada jama'a su firgita. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, izininsa na gwamnatin tarayya ne.

Daga nan sai gaisuwa. A je wurin hakimi, shi zai tura wa dagaci, dagaci ya haɗa baƙi da mai unguwa. Wasu suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Sun yi kuskure. Mai unguwa ne ya san wace bishiya ce a gonar marayu, wace rijiya ce mata ke ɗiba da hantsi, wace rana ce ake sussuka a fili. Ba ofishin da ya san waɗannan.

Yanzu ga naka ɓangaren, kai mai gona. A ce da kaka ne, wake ya yi yaɗo a gindin dawa, sai ga mota ta tsaya, mutum goma sun sauko da igiyoyin wuta da janareto. Ƙafa ashirin a kan kunya ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ka yi musu maraba, ka ba su ruwa, sannan ka ce: "Samari, ina takardarku? Kun ga mai unguwa?" Idan sun miƙo, kada ka tsaya kallon hatimi kawai. Karanta. Nemi sunan garinku. Nemi kwanan wata, ka ga ko bai wuce ba. Duba ko kasuwa aka rubuta, su kuma ga su a gonarka. Izinin hukuma na filin jama'a ne. Gonarka da gidanka sai da yardarka. Kana iya cewa a'a, kana iya yin ciniki. In kun daidaita, a rubuta kuɗin da diyyar abin da aka tattake, a sa hannu gaban shaida.

Haka fuskar mutum. Mace mai tallar fura a kasuwa tana da ikon ta ce kada a ɗauke ta. Yaro kuwa sai an tambayi iyayensa, almajiri sai an tambayi malaminsa. Hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa, gara a yi tambayar kafin a kunna kyamara.

Idan baƙi sun ƙi nuna takarda, kada ka taɓa kayansu, kada ka tara musu yara. Aika a kira mai unguwa, shi zai sanar da dagaci.