Yadda Za Ka Sa Tsohuwar Laftof Ta Daina Sarƙewa a Wasan Gem

Idan PES 2017 ko GTA V na tashi lafiya lau a laftof ɗinka, sai an ɗan jima hoto ya fara tsinkewa, kada ka yi saurin ɗora wa tsufa laifi. Wannan alamar zafi ce, don haka daga nan za mu fara.

Furosesa na da dabarar kare kanta: da zarar zafinta ya doshi maki 95 zuwa 100 a ma'aunin Selsiyos, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Sauke HWMonitor, kyauta ce, ka bar ta a buɗe kana wasa, ka duba. In zafin na wuce 90, kashe laftof ɗin, cire caja da batir, ka kwance murfin ƙasa. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar audugar katifa, musamman in ta sha hunturu biyu ko uku ba a buɗe ta ba. Danne fankar da yatsa kada ta juya, ka share da busasshen burushi mai laushi. Akwai kuma wani mai toka-toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. In ya shekara da shekaru bushewa yake. Goge tsohon tas, ka ɗiga sabo daidai ƙwayar shinkafa. In hannunka na rawa, kai wa mai gyara, aikin ba shi da tsada. Kuma a daina wasa a kan katifa ko darduma, suna toshe mashigar iska. A kan tebur, ka ɗan tallafe bayanta da littafi.

Na biyu, wuta. Laftof a kan batir takan ja da baya don ta yi tattalin caji, saboda haka a jone za ka yi wasa. Shiga Power Options a Control Panel ka zaɓi High performance. Duba cajar ma: Dell, alal misali, in ba ta gane cajar da aka sa mata ba, rage gudun furosesa take. Mai buƙatar wat 90 kada a haɗa ta da ta 65.

Sai ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Rufe Chrome, don cin RAM ne da shi, ka shiga Startup ka kashe duk manhajar da ke tashi ba gaira ba dalili. Direban hoto kuwa daga shafin Intel, NVIDIA ko AMD za ka ɗauko shi.

A cikin gem ɗin kansa, girman hoto ne ya fi komai nauyi. Sauka daga 1920x1080 zuwa 1280x720 ya rage ɗigogin da na'ura ke zanawa da fiye da rabi. Bayansa sai inuwa: mayar da ita Low, ka kashe anti-aliasing. Ciyawar fili za ta ɗan yi muni, amma hoto 30 a daƙiƙa da ba ya tsinkewa ya fi kyakkyawan hoton da ke tsayawa daidai lokacin bugun fanareti.

In za ka kashe kuɗi, RAM ce kan gaba. Laftof irin su ThinkPad T430 da HP EliteBook 840 G1, waɗanda suka cika kasuwar tokumbo, galibi da sashen hoto na Intel HD suke aiki, wanda ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ɗiba. Shi ya sa sanda biyu masu 4GB suka fi sanda ɗaya mai 8GB amfani: hanya biyu ake bi maimakon ɗaya. Tabbatar da irin wadda taka ke ɗauka kafin ka biya. 840 G1 DDR3L take so, DDR4 ba za ta ma shiga ramin ba. SSD kuma tana sa Windows da gem su buɗe da wuri, amma ba ta ƙara santsin wasa sosai.

Manhajojin nan da ke kiran kansu Game Booster, ni dai ban ga abin da suke yi wanda Task Manager bai yi ba, wasunsu ma talla suke cusa maka su ƙara wa RAM kaya.